Yadda Na Goya Surukina Zuwa Gawo Uku

Tun da na dawo ba a bar ni na yi ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Tela, wai da gaske ne ka goya surukinka har Nijar?" Wasu sani suke so, wasu kuwa dariya ce ta kawo su, musamman Malam Habu mai gyaran rediyo, wanda ya riga ya zuba wa labarin gishiri har yana cewa na fashe da kuka a tsakiyar kasuwar Maigatari. Ban yi kuka ba, ƙafata ce ta yi rawa. Bari in faɗe shi sau ɗaya daga farko, in ya so kowa ya ƙyale ni da zarena.

Surukina Baba Idi dillalin shanu ne a zamaninsa, kuma a karar Maigatari ya ci ƙuruciyarsa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke masa hannun hagu da ƙafar hagu. Bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, amma ba ya tashi sai an ɗaga shi. 'Ya'yansa maza duk suna kudu wajen nema. Matata Hadiza ce 'yar farinsa, saboda haka ko sunanta ba ya faɗa, ni kuma Tela yake ce mini. Duk tsawon zamanmu a Gagarawa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya takalmi nake tuɓewa in durƙusa.

Yana da ya, Inna Dije, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun tana yarinya aka kai ta aure ƙetaren iyaka, wani ƙauye da ake kira Gawo Uku. Baba ya hana kowa ya gaya mata halin da yake ciki. Da kaka ta yi sai ga saƙo ta bakin masu sayen zoɓo, wai jikinta ya yi nauyi, tana son ganin ƙanenta.

Ya aika aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, shi kuma yana magana yana kallon bango.

"Tela, kai za ka kai ni. Amma abu ɗaya. Dije ba za ta ga ana sauke ni kamar buhun gero ba. In mun isa ka kafe babur kana zaune, ka kwance ni ta ƙarƙashin riga, ka sauka in dafa kafaɗarka yadda kowane tsoho ke yi. Ko za ta gane, ta gane ina tsaye."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce da ya wuce haka?

Mota ba ta zuwa Gawo Uku, ƙaramin babur ɗina roba-roba kuma ba ya iya rairayi. Sai na ari babur ɗin maƙwabcina Ɗanlami, mai dakon buhuna zuwa ƙetare. Babur ne da aka ɗaga shi sama, aka ƙara masa ƙarafa a baya don kaya. Ni kuwa kun san ni, Allah bai ba ni tsawo ba, ko a keken ɗinki sai da na sa katako a ƙarƙashin ƙafa. Da na hau, kan yatsuna ne kawai ke taɓa ƙasa. Wannan na gani na yi shiru. Abin da ban gani ba shi ne ƙaramin jak, ƙarfen nan na gefen hagu da ake turawa da dunduniya babur ya jingina a kansa. Kowane jak yana da ɗan kunne da ƙafa ke kamawa. Ɗanlami ya sa an yanke na nasa don yana sarƙe igiyar kaya, ya kuma sa an ninka masa sifirin don kada ya faɗo a cikin daji. Shi ba ya amfani da shi, bishiya ko bango yake jingina abinsa. Da na gwada ina tsaye a ƙasa lafiya lau ya sauko, ban kawo komai a raina ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Da hantsin ranar Alhamis muka shirya a cikin zaure, don ran kasuwar Maigatari ce, mai tafiya ƙetare ba ya rasa wanda zai bi. Ɗanlami ya riƙe babur, aka ɗora Baba a bayana. Hadiza ta ɗauko majanyin da ta goya 'ya'yanmu da shi, ta zagaya da shi ta bayan mahaifinta ta ƙulle a gefen cikina, kanta a sunkuye. Ƙafarsa ta hagu na ɗaure ta da ƙyalle a matakin baya. Aka baza babbar rigarsa ta rufe komai. Wanda ya gan mu zai ce tsoho ne da ɗansa za su kasuwa. Ni kuwa ƙirjin surukina na manne da bayana, har numfashi nake ja a hankali don kada ya ji.

A Gumel muka tsaya shan mai, Baba kuma ya ce yana son ya ɗan miƙe bayansa. Na taka birki, na dire yatsun dama, na ɗaga ƙafar hagu ina neman jak. Dunduniyata ta yi ta shafar ƙarfe tana zamewa. Na sake, ta sake zamewa. Kuma da zarar na ɗaga ƙafar hagu sai nauyin Baba ya rinjaya can, don nan ne ɓarin da ba ya iya riƙewa, babur ya fara karkata. 'Yan adaidaita sahu suna ta danna mini oda a baya. Sauka ba dama, tunda a ɗaure nake. Ala tilas na kira mai sayar da mai ya riƙe mini kai, wasu mutum biyu suka zo aka kwance, aka ciccibi Baba aka ajiye shi a kan benci, jama'a na kallo. Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta ce, "Allah sarki, tsoho," ta ajiye masa ƙosai a gefensa ta ce sadaka. Mutumin da a da ake layi a ƙofar gidansa ran kasuwa. Bai taɓa ƙosan ba. Da na miƙa masa ruwa sai ya kau da kai.

"Baba, rana za ta yi zafi."

"In na sha sai na sauka. Ba zan ƙara sauka ba. Mu tafi."

Daga Gumel zuwa Maigatari kwalta ce, amma ban ji daɗinta ba. Manyan motocin dabbobi suna wuce mu suna kaɗa mu, ni kuwa hankalina duk yana kan dunduniyata. Muna gudu ma ina ta laluben ƙarfen nan a ɓoye, ko zan gano inda zan kama shi. Baba kuwa in yana so in rage gudu sai ya dafa kafaɗata da hannunsa mai lafiya.

Da muka doshi gari ya ce in bi ta bayan kara, kada in shiga ciki. Na bi, amma ran kasuwa a Maigatari babu baya babu gaba. Wani garken shanu ya tare hanya, raƙuma kuma suka rufe mu ta baya. Na tsaya. Ban gama dire yatsuna ba na ji an ce, "Wa nake gani kamar Idi na Gagarawa?" Wani tsohon dillali ne, Alhaji Mati, abokin aikinsa na da. Sai na ji Baba ya miƙe zaune a bayana, ya gyara murya, mataccen hannun yana cikin riga.

Kun san gaisuwar tsofaffi. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, an tambayi amfanin gona, an koma kan waɗanda suka rasu ana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama wasu dillalan sun taru, kowa da tasa gaisuwar daga farko. Duk wannan nauyin mutum biyu da babur yana kan yatsuna na dama. Sharaɓata ta ɗaure, gumi ya jiƙa mini hula, ƙafar ta fara kaɗawa ita kaɗai. Ta hagun kuma tana ta tonon jak.

"Sauko mana mu sha fura," in ji Alhaji Mati.

"Sauri muke, Alhaji. Sai na dawo."

"To wannan yaron naka me yake nema da ƙafa haka?"

"Tela ne," in ji Baba. "Ƙafarsa ta saba da taka keke, ba ta iya zama."

Suka kwashe da dariya. A rayuwata ban taɓa jin ya yi wasa da ni ba sai ranar, kuma ina cikin azaba amma sai da abin ya yi mini daɗi. Har wani bajimi aka jawo masa ya duba, ya kalle shi daga inda yake zaune ya ce ƙafar baya tana da tsohon ciwo, aka duba kuwa haka ne. Da hanya ta buɗe muka wuce, ya saki jiki ya zubo mini a baya, na ji yana haki.

A bakin iyaka mutanenmu sun san babur ɗin Ɗanlami, suka duba katinmu suka ce mu wuce. A can ɓangaren kuwa al'adarsu daban. Nesa kaɗan za ka kashe inji, ka kafe babur, ka taka da ƙafa zuwa rumfarsu. A nan na ga abin da ya ba ni dariya duk da halin da nake ciki: babura a jere, kowanne da takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin jak ɗinsa, masu su kuma suna kan layi da takalmi warin ƙafa, suna ɗaga ɗayar saboda zafin rairayi. Na ce a raina mutanen nan sun fi ƙaunar babur da tafin ƙafarsu.

Wani jandarma dogo ya ɗago mini hannu. "Mushe, sauka." Mushe shi ne malam a bakinsu. Na ce ina zuwa, na ci gaba da tono. Ya sake faɗa. Da ya ga ban motsa ba sai ya taso fuska a ɗaure, ya ɗauka raini ne, kuma ban ga laifinsa ba. Ina neman abin da zan ce sai Baba ya sa hannu ya ɗage gefen rigarsa kaɗan, yadda shi kaɗai zai ga majanyin. Mutumin ya duba, ya dubi ƙafar da ke ɗaure, ya saki fuska. Ya ce, "Sannu, tsoho." A nan kan babur ya duba katinmu, ya tare mu da jikinsa daga masu layi. Ya taɓa jak ɗin da takalminsa ya ce wa ya lalata mini beki, wai haka suke kiransa. Ya kwatanta mana hanya, ya ce mu bi sawun amalanke kada mu bi na babura.

Ban ji shawararsa ba, don sawun babura ya fi kama da hanya. Rairayin can ba irin namu ba ne, ƙafar babur ta gaba sai ta riƙa yawo kamar ba ni ke riƙe da ita ba. Tsayawa kuma tsoro nake ji, don in na tsaya babu mai tallafa mini. Haka muka yi ta gewaye tsakanin gonakin gero da aka girbe, ina tambayar mutane ina tafe, suna ba ni amsa ina wucewa, rabi in ji rabi ya bi iska. Da la'asar ta yi sanyi muka faɗa wani ɗan ƙauye da ba shi ne namu ba. Leɓen Baba ya bushe, muryarsa ta dushe. Na ce masa yau kam sai dai ya yi haƙuri, bai musa ba.

Wani manomi mai suna Mahamadu ya sauke mu a zaurensa. Na yi dabarar Ɗanlami, na jingina babur da bangon zaure ta ɓangaren da ba mutane, shi kaɗai ya taimaka muka shigar da Baba. Bai tambaye mu ko su waye ba sai da ya kawo ruwa. Su can fura ce abincin, ba abin sha bayan abinci ba kamar mu, kuma hura suke cewa. An kawo ta a ƙwarya, mai kauri da nono, tare da cuku, wani busasshen abin madara mai faɗi da sai ka jiƙa shi kafin haƙori ya shiga. Shayinsu kuwa a ɗan kofin da bai fi maƙurwa biyu ba, ga ɗaci, kuma sai an yi ta zagayowa. Mu da muka saba da kofi cike da madara da burodi, na sha dai don kada in ɓata wa mai gida.

Na ɗauki ƙwaryata zan fita waje in sha, yadda na saba. Baba ya ce, "Ina za ka? Wa zai riƙe mini tawa?" Na tsaya ina kame-kame. Ya ce, "Zauna, Tela. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na zauna na riƙe masa ƙwarya yana sha da ludayi, na sha tawa a gabansa. Bayan nan na ɗauki buta na kai shi bayan gida. Wannan ba zan faɗi komai a kansa ba, kuma Malam Habu kada ka tambaye ni.

Gari na wayewa na fita wajen babur. Na hau, na gwada, na sauka, na sake hawa. Ko babu kowa a bayana dunduniyar ba ta kama shi. Raina ya ɓaci har na zagi Ɗanlami da mai waldar da ya yanke masa kunnen. Gawo Uku ga shi nan kusa, an ce kafin rana ta take za mu isa, kuma abu ɗaya tak tsohon nan ya roƙe ni. Mahamadu ya tsaya yana kallona yana goge baki da asuwaki. Can ya ce, "Malam, ƙarhe ba a yi mai gardama. Igiya za mu sa mai." Ya kwanto wata siririyar igiya daga amalankensa, ya ɗaura a bakin jak, ya zagaya da ita ta ƙarfen gaban inji, ya kawo ta kusa da hannuna. Na ja da ƙarfi, sai ga jak ya faɗo ya tsaya cak. Na yi ta maimaitawa a kan dandaryar ƙasar bakin rijiyarsu har Baba ya aiko a ce ya isa haka. Da muka tashi tafiya na so in yi wa Mahamadu ihsani, ya ce in na ƙara faɗa zai kwance igiyarsa.

Wannan karon sawun amalanke na bi. Muna hango gawunan da aka sa wa garin sunansu na ji zuciyar Baba tana buga mini a baya. A ƙofar wani gida akwai mata zaune a inuwa suna ɓarar zoɓo, hannuwansu jajawur. Ya ce a hankali, "Ga ta can, mai baƙin zane. Tsaya daga nan, kada ka matsa." Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, sanda a gefenta. Ban ga alamar mai jinya ba.

Na tsaya, na kashe inji, na ja igiya. Jak ya faɗo. Na jingina babur a kansa, ya tsaya. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce alhamdu lillahi, na zura hannu cikin riga ina neman ƙullin. Sai na ji muna tafiya hagu a hankali. Jak ɗin ne ke nutsewa cikin rairayi. Na dire ƙafar hagu, yatsuna suka nutse su ma. Nauyin Baba duk ya dawo can. In na saki kan babur don in kwance ƙulli mun faɗi, in na ci gaba da riƙewa ba zan daɗe ba. Sai a lokacin na gane abin da takalman bakin iyaka ke yi, ni da nake yi musu dariya. Nawa kuwa sau-ciki ne, ba shi da hanyar fita ba tare da hannu ba.

"Tela," in ji Baba. Sunan kawai ya kira, amma ban taɓa jin tsoro a muryarsa ba sai a nan.

Tsohuwar ta ɗago ta dube mu. Ta juya ga matan ta ce, "Ku shiga ku ɗora ruwa, na yi baƙi." Sai da ta ga shigar ta ƙarshe sannan ta dafa sanda ta miƙe. Tafiyarta ta tsufa ce, taku ɗaya sai ta huta, ni kuwa hannuwana sun fara mutuwa. Da ta iso ba ta dubi fuskar kowa ba, ƙasa ta duba.

"Ɗan nan, ɗaga kaɗan."

Na tattara abin da ya rage mini na ɗaga. Ta zare takalminta ƙafa ɗaya, ta tura shi da bakin sanda ƙarƙashin jak. Ta ce, "Saki." Na saki, babur ya tsaya.

"Idi."

"Yaya. An ce ba ki da lafiya."

"In ban ce haka ba za ka taho?"

Baba ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, Yaya. Gajiyar hanya ce."

"Na san irin lahiyar taka. Masu zoɓo da suka kai maka saƙo, su ba su da bakin kawo mini naka?"

Ta zura hannu ƙarƙashin rigar, ta lalubo ƙullin a gefen cikina, ta shafa majanyin. Ta tambayi wa ya koya mini ɗaurin, na ce Hadiza. Ta ce, "Ta iya. Amma ni na riga ta." Ta kwance da kanta, ta kwance ƙyallen ƙafar. Na zame na sauka, na ba shi kafaɗa ya dafa da hannun dama, ita kuma ta shiga ƙarƙashin mataccen hannun ta ɗora shi a wuyanta, ga ta ba ta kai masa hammata ba. Ya sauko ya tsaya a tsakaninmu. Lokacin da matan suka leƙo, a tsaye suka gan shi, yana ta share ido da kafaɗar riga wai rairayi ne ya shiga.

Na kwana a can na huta. Da na zo tafiya na durƙusa na ce Baba ya shirya, sai Inna Dije ta ce ba inda za shi, sai ya gaji da hurarta tukuna. Shi ma bai ce a'a ba, ya dai dube ni ido cikin ido ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Sabo." Ban san ya riƙe ainihin sunana ba. Na miƙa hannu zan ɗauki majanyin, ta ɗora sandarta a kai.

Ta hanyar Sule Tankarkar na dawo, don an ce ta fi tauri. Na tsaya a kasuwarsu na ci tuwo, na sauka da ƙafafuna na kafe babur ba tare da neman kowa ba, amma duk hanya bayana sai nake jin sa wayam, har na riƙa rage gudu a wurin ramuka don wanda ba ya nan. Na mayar wa Ɗanlami kayansa da igiyar a jiki, na gaya masa abin da ke raina.

Hadiza na tsakar gida tana tankaɗe da na shiga. Ta dubi bayana ta ga ba kowa. Ba ta iya tambaya ta ina mahaifinta yake kai tsaye ba, sai ta ce, "Ina majanyina?"

Na ce, "Inna Dije ta riƙe. Ta ce in gaya miki ta karɓi goyonta."

Ta ajiye rariyar, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Na bar ta a nan na fito na buɗe shago.